Yadda ake samun lasisin salon haruffa kafin a ɗora shi a shafin intanet

Na daɗe ina gina wa mutanenmu shafukan intanet a nan Legas: dillalan kayan gwari na Mile 12, wata Islamiyya a Agege, ƙungiyoyin 'yan arewa, da masu sayar da waya a Computer Village. A duk harkar, babu abin da sababbin shiga suke ɗauka da wasa kamar salon haruffa, wato ƙirar baƙaƙen da rubutun shafi yake fitowa da ita. Yaro zai ga salo ya burge shi, ya sauke, ya ɗora a sabar wanda ya ba shi aiki, wato kwamfutar da ake ajiye fayilolin shafin a kanta, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wani alhaji da na karɓi ragamar shafinsa ya taɓa nuna mini wasiƙar da wani kamfanin Turai ya aiko masa, ana neman ya kawo shaidar lasisi ko ya biya kuɗin duk shekarun da salon ya yi a shafinsa. Bawan Allah bai ma san mene ne salon haruffa ba. Wanda ya gina masa shafin kuwa ya daɗe da canja lamba.

Abin da za ka fara riƙewa ɗaya ne. Salon haruffa fayil ne, kuma masu ƙera shi suna ɗaukarsa a matsayin manhaja. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Idan ka biya kuɗi, fayil ɗin bai zama naka ba, izinin amfani da shi ta wata hanya aka ba ka. Kamar haya ce. Wanda ya kama shago a Oshodi don sayar da atamfa, yarjejeniyarsa ba ta ba shi damar mayar da wurin gidan burodi ko ya ba wa wani haya a kan haya ba. To lasisin kwamfuta shago ɗaya ne, lasisin shafin intanet wani shago ne daban, na manhajar waya ma daban.

Kayan aiki

Kwamfuta mai burauzar Chrome ko Firefox, da wayar Android ƙarama irin wadda yawancin masu karatunka suke riƙewa. Damar shiga sabar da shafin yake, ko allon sarrafa WordPress, manhajar gina shafi, idan da ita aka gina shi. Adireshin imel na mai shafin, ba naka ba. Adadin yadda ake buɗe shafin a wata, idan tsohon shafi ne. Google Analytics ko allon kamfanin da ya ba ku sabar zai nuna maka. Katin da yake biyan dala, idan salon na kuɗi ne. Folda guda mai suna "lasisi" da za ka tara takardu a ciki.

Sai jimlar gwaji, wadda nake so ka adana a wayarka tun yau:

Ɓarawo ya ɗauke ƙwaryar Ɗanladi ya ɓoye, Ƙasimu da 'ya'yansa suka biya ₦500.

A cikinta akwai ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, da alamar naira. Idan shafin zai yi wa 'yan Nijar hidima, ƙara ƴ da Ƴ, domin su da wannan harafin suke rubuta abin da mu muke rubutawa 'y.

1. Gano abin da yake kan shafin tukuna

Idan sabon gini ne, tsallake zuwa mataki na biyu. Idan kuwa gadon aikin wani ka yi, kada ka taɓa komai sai ka san abin da ya bari. Buɗe shafin a Chrome, danna F12, shiga Network, zaɓi Font, sannan ka sake loda shafin. Duk fayilolin haruffa za su jeru, masu ƙarewa da woff2, woff, ttf ko otf. Dubi adireshin kowanne. Wanda ya fito daga fonts.gstatic.com na Google Fonts ne. Wanda ya fito daga use.typekit.net na Adobe ne, kuma yana rataye da asusun wani, sai ka tambayi na wane ne. Wanda ya fito daga sabar shafin kanta shi ne abin bincike: wa ya ɗora shi, daga ina, ina takardarsa?

Rubuta sunayensu duka. Duk wanda ba a samu takardarsa ba, ɗauke shi a matsayin marar lasisi har sai an samu.

2. Gwada haruffan Hausa kafin ka yi maganar lasisi ko kuɗi

Wannan matakin ba za ka same shi a darussan Turawa ba, kuma a wurinmu shi ne farko. Salo da yawa, har da masu tsada, ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan babu su, burauza ba ta yin ƙorafi, sai ta aro harafin daga wani salo ta cusa. Shi ya sa kake ganin shafukan Hausa inda ƙ ta fi sauran baƙaƙe kauri ko siranta, tana tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki. A tsohuwar waya ma akwati kawai za a gani. Daga nan sai mai shafi ya gaji ya ce a bar ƙugiyar, a rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", "dan" a maimakon "ɗan". Wannan yana ci mini rai, domin harshen ne ake nakasawa saboda wani bai yi gwajin minti biyu ba.

Manna jimlar gwajin a akwatin gwaji na shafin da ake ba da salon, ka ƙara girmanta sosai, ka kwatanta ƙ da k, ɗ da d. Idan jikinsu ɗaya ne, ƙugiya kawai ta bambanta, to suna nan. Idan fayil ɗin yana hannunka, jefa shi a shafin Wakamai Fondue, zai nuna maka duk baƙaƙen da suke ciki, har da bayanin lasisin da aka rubuta a jikin fayil ɗin. Gwada mai kauri da mai karkata daban-daban, domin kowanne fayil ne mai zaman kansa, kuma na sha ganin salon da na tsayensa yake da ƙ amma na karkacen babu.

Waɗanda na tabbatar suna ɗauke da haruffanmu kuma kyauta ne: Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika, Charis SIL da Gentium na SIL, wata cibiyar nazarin harsuna. Andika an yi shi ne don masu koyon karatu, shi nake sa wa makarantu. Idan shafin yana da ajami, SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana a kan rubutun Kano, da Harmattan, wanda aka yi don ajamin Afirka ta Yamma. Akwai ma salon da ake kira Danfo a Google Fonts, wanda aka ɗauko daga irin rubutun jikin motocin haya na Legas. Na kanun magana ne, ba na dogon karatu ba, kuma shi ma ka wuce da shi ta jimlar gwaji.

3. Gane irin lasisin da yake kan salon

Rukuni biyar ne. Na farko shi ne lasisin OFL (Open Font License, wato buɗaɗɗen lasisin haruffa), wanda SIL ta rubuta. Sigar da ake amfani da ita yanzu, 1.1, ta fito a 2007. Mafi yawan abin da yake Google Fonts a ƙarƙashinsa yake, kaɗan kuma suna ƙarƙashin Apache. OFL ya ba ka damar amfani da salon a harkar kasuwanci, ka ɗora a sabarka, ka yi tambari da shi, ka buga a fosta, ba tare da biyan ko kwabo ba. Sharuɗɗansa kaɗan ne: kada ka sayar da fayil ɗin shi kaɗai, ka bar takardar lasisin tare da shi, kuma idan mai shi ya keɓe suna, ba za ka yi wa fayil ɗin gyara ka ci gaba da kiransa da wannan sunan ba. Za mu dawo kan wannan na ƙarshe.

Na biyu shi ne kyauta mai sharaɗi, kuma nan ne ramin da aka fi faɗawa. A DaFont da ire-irensa za ka ga an rubuta "Free for personal use" ko "Demo". Ma'anarsa, ka yi katin sunan ɗanka da shi, babu laifi. Shafin shago kuwa, ko na makaranta mai karɓar kuɗi, ko na kanka da kake tallan sana'arka, duk sun fita daga amfanin kai. Ko wanda aka rubuta wa "100% Free" sai ka buɗe takardar da ta zo a cikin fayil ɗin ka karanta, domin wanda ya ɗora ne ya zaɓi wannan lakabin. Fontshare kuma yana ba da salo masu kyau kyauta har don kasuwanci, amma da yawansu lasisin kamfanin ne a kansu, ba OFL ba, don haka kada ka ɗauka sharuɗɗan ɗaya ne.

Na uku su ne waɗanda suka zo da kwamfutarka, irin su Arial, Calibri da Times New Roman. Kana iya ambatar sunansu a CSS, wato umarnin da yake tsara kamannin shafi, wanda yake da su a na'urarsa ya gani da su, wannan halal ne. Abin da Microsoft bai yarda da shi ba shi ne ka kwafo fayil ɗin daga foldar Windows, ka juya shi zuwa woff2, ka ɗora a saba. Haka ma tarin salon da ake zuba wa mutum idan ya kai kwamfuta a sa masa CorelDraw, ko waɗanda ake turawa juna a filas a wajen maɗaba'un Shomolu. Babu wanda ya san asalinsu, ba su da takarda, kada ko ɗaya ya hau shafin mai aiki. Salon da kake gani a Canva ma izininsa na cikin Canva ne.

Na huɗu shi ne Adobe Fonts, wanda da ake kira Typekit. Yana zuwa tare da kuɗin Creative Cloud, babu ƙidayar masu buɗe shafi, amma fayilolin suna zaune ne a sabar Adobe, ba a ba ka ka ɗora a taka. Ranar da aka daina biya, ranar salon yake barin shafin. Kuma ƙa'idarsu ita ce mai shafin ya kasance da nasa asusun, ba kai ka raba naka ga kwastomomi goma ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ba na ba ɗan kasuwar da ba ya amfani da Adobe a harkarsa shawarar bin wannan hanyar.

Na biyar shi ne lasisin shafi da ake saya kai tsaye, a MyFonts, Fontspring, ko wajen wanda ya zana salon.

4. Idan za a saya, karanta abu biyar kafin a biya

Da farko ka tabbata ka zaɓi lasisin "Webfont", ba "Desktop" ba. Na Desktop na yin zane ne a kwamfuta. Yawanci ya isa ka yi tambari ko hoto da shi ka ɗora hoton a shafi, domin hoto ka ɗora, ba fayil ɗin haruffa ba, ko da yake wasu masu zanen suna neman lasisi daban don tambari. Amma rubutun da mai karatu zai iya kwafa, wanda burauza take sauke salon don ta nuna shi, sai da na shafi.

Sannan duba waɗannan a takardar yarjejeniyar. Adadin buɗe shafi nawa aka yarje a wata. Ana sayarwa mataki-mataki, ƙaramin mataki kan fara daga wajen 10,000, kuma buɗewa ake ƙirgawa, ba mutane ba, mutum ɗaya da ya zagaya shafuka shida ya ci shida. Biya ɗaya ne har abada, ko duk shekara za a sabunta. Wannan yana da nauyi ga wanda yake samun naira yana biyan dala, ka faɗa wa mai aiki tun kafin ya amince. Adireshi nawa lasisin ya rufe. Idan alhaji yana da na .com da na .com.ng, ko yana da reshen shafin a wani ƙaramin adireshi, a tabbata duk sun shiga. An yarda ka rage ko ka juya fayil ɗin, ko sai wanda suka ba ka za ka ɗora. Sai kuma ko akwai ɗan layin ƙidaya da suka ce dole a manna a shafin.

Kada ka sayi dangin salon gaba ɗaya. Kowane kauri da kuɗinsa, kuma kowanne ƙarin nauyi ne a kan datar mai karatu. Na tsaye da mai kauri sun ishi yawancin shafuka, a ƙara mai karkata idan akwai dogon rubutu.

Idan salon ya yi wa mai aiki amma babu haruffan Hausa, kada ka buɗe shi ka zana ƙugiya da kanka, yawancin lasisin kuɗi sun hana. Rubuta wa mai zanen ka tambaya ko zai ƙara su. Idan bai yiwu ba, a yi kanun Turanci da shi, a ba rubutun Hausa Noto ko Andika.

5. A saya da sunan mai shafin

Wannan shi ne kuskuren da ya jefa alhajin nan cikin matsala, ko da a ce yaron ya saya ɗin. A wurin biya akwai gurbin sunan wanda lasisin yake nasa. Sa sunan kamfanin mai aiki kamar yadda yake a rajistarsa ta CAC, da imel ɗinsa. Kai magini ne, gobe kana iya komawa Kano ko ka bar sana'ar, shafin kuwa yana nan. Idan katin nairarsa ya ƙi wucewa, a yi amfani da katin asusun dala, nasa ko naka, ba damuwa wa ya biya muddin sunansa ne a takardar. Kuma lasisin da ka saya wa Alhaji na Mile 12 bai rufe shafin Hajiya ta Idi-Araba ba, ko da fayil ɗin yana nan zaune a kwamfutarka.

Da an biya, sauke rasit, sauke takardar yarjejeniyar a yadda take a ranar, ka zuba su a foldar lasisi. Kamfanoni suna canja sharuɗɗa, kuma wadda ka saya a kanta ita ce hujjarka.

6. Ɗora shi yadda ya dace

Yi amfani da woff2, shi ne mafi sauƙin nauyi kuma duk burauzar zamani tana karanta shi. Zuba fayil ɗin a folda a sabarka, tare da takardar OFL idan na kyauta ne, sannan ka rubuta wannan a CSS:

@font-face {
font-family: "Andika";
src: url("/fonts/Andika-Regular.woff2") format("woff2");
font-display: swap;
}

Layin font-display ɗin yana sa rubutu ya bayyana nan take da salon wayar, kafin naka ya gama sauka. Wanda yake cikin cunkoson gadar Third Mainland da sabis mai zuwa yana ɗaukewa zai gode maka.

Ga salon Google, hanya biyu ce: ka manna layin da suka ba ka, ko ka sauke ka ɗora a sabarka. Ta farko ta fi saurin yi, amma duk mai buɗe shafin na'urarsa tana tuntuɓar sabar Google da adireshinta na IP, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet. A watan Janairun 2022 wata kotu a Munich ta Jamus ta umarci wani mai shafi ya biya diyyar Yuro 100 a kan wannan. Idan mai aikinka yana da abokan ciniki a Turai, ɗora a sabarka. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, don haka ni yanzu ta biyun nake bi a kusan kowane aiki.

Gargaɗi mafi muhimmanci a nan shi ne wajen rage fayil. Noto da Charis manya ne, domin sun ɗauko harsuna da yawa, kuma ana iya yanke abin da ba a buƙata da kayan aiki irin su pyftsubset ko injin Font Squirrel. Amma haruffanmu ba a unguwa ɗaya suke zaune a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ba. Ƙ, ƙ, Ɓ, Ɗ, Ƴ da ƴ suna rukunin Latin Extended-B, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can rukunin alamomin furuci na IPA. Wanda ya zaɓi "Latin" kawai ya yanke, zai zubar da wasunsu bai sani ba. Ka sa lambobinsu da hannu: 0181, 0253, 018A, 0257, 0198, 0199, 01B3, 01B4, da 20A6 ta naira.

Nan ne kuma maganar keɓaɓɓen suna take dawowa. Rage fayil gyara ne a idon OFL. Buɗe takardar lasisin ka dubi layukan farko. Idan ka ga "Reserved Font Name", to ko dai ka ɗora fayil ɗin cikakke, ko ka canja wa ragaggen suna. SIL tana keɓe sunayen nata, amma tana haɗo woff2 a cikin abin da kake saukewa daga shafinta, sai ka yi amfani da shi yadda yake. Noto ba shi da keɓaɓɓen suna, kana iya rage shi hankali kwance.

Idan babu kuɗi, babu lokaci, kuma masu karatun duk a ƙananan wayoyi suke, akwai mafita: kada ka ɗora komai. Rubuta system-ui, sans-serif a CSS, kowace na'ura ta nuna da nata salon. Babu lasisi, babu cin data.

7. Gwada, sannan ka miƙa

Manna jimlar gwajin a wani shafi na ɓoye, ka buɗe a kwamfuta da waya. A Chrome, danna dama a kan jimlar, zaɓi Inspect, shiga Computed, gangara ƙasa zuwa Rendered Fonts. Idan suna ɗaya ka gani, aiki ya yi. Idan biyu ne, akwai harafin da aka aro, koma mataki na shida.

Masu WordPress su sake duba Network bayan an gama, domin rigar shafin, wato theme, da ƙarin manhajojin da aka sa suna jawo nasu salon ba tare da sanarwa ba. Rigar da aka samo ta bayan gida, wadda aka fasa makullinta, ba ta da lasisin komai, kuma sau da yawa da cuta take zuwa.

Daga nan rubuta wa mai aiki takarda mai shafi ɗaya da Hausa: sunan kowane salo, inda aka samo shi, irin lasisinsa, iyakar buɗe shafi a wata, da ranar sabuntawa idan akwai. Tura masa tare da foldar lasisi ta imel, ka ajiye kwafi. Ni har a baki nake maimaitawa: "Alhaji, idan kasuwa ta buɗe, masu shiga shafin suka haura wannan adadin, ka kira ni mu ƙara matakin lasisi."

8. Idan wasiƙa ta riga ta zo

Kada a yi banza da ita, kada kuma a tura kuɗi a gigice, domin 'yan damfara ma suna aika irinta. Shiga shafin kamfanin na ainihi da kanka, ka tuntuɓe su ta adireshin da yake can, ka tabbatar daga gare su take. Bi mataki na ɗaya ka ga ko salon da suka ambata yana kan shafin da gaske, kuma daga wace saba yake fitowa. Nemi tsohon magini da tsofaffin imel, wani lokaci rasit ɗin yana nan an manta da shi. Idan babu lasisi, musanya salon da na OFL a ranar, amma ka sanar da mai shafin cewa cirewa ba ta goge abin da ya wuce, suna iya neman kuɗin baya. Amsar da za a mayar musu kuwa, musamman idan kuɗin da suke nema mai yawa ne, a bar lauya mai sanin haƙƙin mallaka ya duba ta kafin a aika.